Ɗan Inna a Ƙofar Gana

Mun kusa Funtuwa kafin yaron ya daina kuka. Ba ni yake yi wa kukan ba. Inna yake kira, kakarsa ta wajen uba, wadda muka baro a ɗakin haya a Gusau. Ni kuwa ina gefensa a kujerar babbar motar Ikko, na ƙura wa taga ido kamar ɗan wata ne aka ajiye mini.

Ni na haife shi. Amma ɗan fari ne, mu kuma mutanen ruga ne daga bayan Kucheri, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ce masa ɗana, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ranar da aka yaye shi Inna ta goya shi ta wuce da shi bukkarta. Ita yake ce wa Inna, ni kuma Adda, wato yaya. In zancensa ya zame mini dole, sai in ce Ɗan Inna. Ga shi kuma sunan surukina aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya.

Abin da ya ɗora mu a hanya ba sabon labari ba ne a wajenmu. 'Yan bindiga sun kore shanun, muka watse, muka faɗa Gusau da tabarma da tukunya. Maigidana ya bi wasu 'yan'uwa zuwa Gana, ya sami aikin kula da dabbobi a wani kara kusa da Akra. Da ƙafarsa ta ɗan tsaya sai ya aiko in zo, wai akwai wata mai tuwo da ke neman mai taya ta aiki. Inna kuma ƙafafunta sun gaza, ta ce in tafi da yaron wajen ubansa. Da ta faɗa ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba.

Ina da tsoro iri-iri a wannan tafiya. Ina tsoron dajin da za mu ratsa, ina tsoron teku da aka ce babu ƙarshenta. Amma wanda ya fi tsaya mini a wuya shi ne Turanci. Maigidana ya ce a waya, a ƙofar Gana da Turanci ake tambaya, kuma mai amsa da rawar baki shi ake tsarewa. Ni kuwa aji huɗu na tsaya a firamare, abin da ya rage mini bai wuce gaisuwar safe da ƙirga ba.

A kujerar da ke tsallaken tamu akwai wata mata mai jiki, mai tabarau, 'yar Bungudu. Malama Asabe sunanta. Ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye alli ta kama kai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa Kwatano. Ta ga ina motsa baki ni kaɗai, ta leƙo.

"Ke 'yar Fulani, addu'a kike ko rigima da aljanu?"

Na gaya mata sunana Hurera, na kuma gaya mata gaskiya. Ta yi dariya har tabarau ya zame mata.

"Wanga shi ad damuwarki? Matso nan. Turanci layin famfo ne, kowa da wurin tsayawarshi. Wanda ya yi aiki shi ka tsayawa gaba, aikin shi bi bayanshi, sannan wanda anka yi wa. Wanga ko Hausa hakanan take. Inda munka rabu da su wuri ukku ne, ki buɗe kunne."

Na buɗe. Ta ce na farko, mu muna ajiye "ne" da "ce" a wutsiyar magana, mu ce baƙuwa ce. Su kuwa tasu, *is* da *are* da *am*, a tsakiya suke zama, daf da bayan mutum. Na biyu, in Bature zai yi tambaya sai wannan 'yar kalmar ta yi tsalle ta dawo gaban mutumin.

"In kin ji ta yi tsalle ta zo gaba, tambayarki aka, buɗe baki ki ba da amsa. In kin ji ta zamne tsakiya, ba tambaya ba ce, an gama yanke magana. Kin gane?"

Na uku shi ya fi ba ni dariya. Wai Bature kansa yake sawa a gaba. Mu mu ce jakata, jaka a gaba, mai ita a baya. Shi kuwa sai ya ce *my bag*, ya fara da kansa. Na ce lalle mutanen nan ba su da ta ido.

Haka muka yi ta yi, muka wuce Zariya, muka wuce Kaduna. Ta nuna takalmina in ce *my shoe*, ta nuna kaina in ce *my head*. Ta tambaye ni ina za ni, in jera mata: ni, sannan *am going*, sannan Akra. In na juya su ta buge mini gwiwa. Can sai ta nuna yaron, wanda barci ya kwashe da majina a hanci.

"To, ce *my son*."

Na ja mayafi na rufe baki.

"Au, na fari ne?" Ta gyara tabarau. "Hurera, ni ma na san kunya, uwata ba ta taɓa kiran yayanmu ba har ta koma ga Allah. Amma ki ji ni da kyau. Wagga kunya, in mun kai gadar Jaba ki ajiye ta bakin ruwa, in kin dawo ki ɗauki abinki. Can inda za ki ba su san ta ba."

Na yi murmushi kawai. A raina na ce matan gari ke nan, komai sun mai da shi abin wasa.

Ikko ba ta yi mini kyau ba. Hayaniya, wari, mutane suna tafiya kamar ana korarsu. A tashar da muka sauka wani dogon mutum mai jar hula ya zo yana kiran sunan maigidana. Garba Dogo ake ce masa, shi aka haɗa mu da shi ya raka mu har Gana. Bakinsa zaƙi, yana ce mini ƙanwata, ya saya wa yaron lemo. Malama Asabe ta dube shi sama da ƙasa, ta raɗa mini cewa in riƙe jakata da kaina. Na riƙe jakar. Ban san ba jakar yake kallo ba.

Muka ƙetara zuwa ƙasar Binin tare. Nan Faransanci ake yi, Garba ke magana, ni dai ina biye da shi, yaron yana riƙe da gefen zanena. Ba hannuna yake riƙewa ba, bai saba ba, ni ma ban miƙa masa ba. A Kwatano Malama Asabe ta sauka da buhunanta. Ta cusa wa yaron kilishi a aljihu, ta kama kafaɗata.

"Wa ka tsayawa gaba?"

"Mai aiki."

"In kalma ta yi tsalle fa?"

"Tambaya ce."

"Allah shi kiyaye hanya."

Da motarmu ta tashi na waiga ina nemanta a cikin taro, kewar gida ta taso mini gaba ɗaya. Ita ce ta ƙarshe mai maganar da ta yi kama da ta gidanmu.

A Lome Garba ya zaunar da mu a gindin wata bishiyar kwakwa, teku na ruri a bayanmu. Ya ce yaron ba shi da takarda ko ɗaya, saboda haka ba ta babbar ƙofa za mu bi ba, akwai 'yan acaɓa da ke zagayawa da mutane. Ya ce in kawo wayata ya sa mata layin Gana don in kira maigida da zarar mun shiga. Na ciro na ba shi da hannuna. Lambar maigidana tana ciki, ban haddace ta ba, don bai daɗe da sauya ta ba.

Inuwar kwakwar ta bar mu ta koma wani gefe, Garba bai dawo ba. Yaron ya cinye kilishinsa ya fara kallona. Wata mai sayar da burodi da ke kusa, wadda ba na jin yarenta ba ta jin nawa, ta lura da mu. Ta yi alamar dogon mutum da hula, ta karkaɗa hannu, wato ya tafi ke nan. Ta ba mu ruwan leda, ta yanka wa yaron burodi, ta ƙi karɓar komai. Sannan ta kama hannuna ta juya ni, ta nuna mini wata babbar ƙofa can gaba inda mutane ke tururuwa da kaya a ka. Ta ce, "Gana." Har yau in na yi salla ina sa matar nan a addu'a, ko sunanta ban sani ba.

Komawa baya ba ta yiwuwa, abin da ke ƙulle a bakin zanena ba zai kai mu ko Ikko ba. Na ɗora jaka a ka muka bi ayari.

Ɓangaren Togo ba wanda ya kula mu. A ɓangaren Gana wani jami'i mai kaki ya tsayar da mu a gaban tebur. Na miƙa masa katina na ɗan ƙasa. Ya ce, "*Where are you going?*" Na ji *are* ta riga *you*. Tambaya ce. Na jera kalmomina kamar yadda aka koya mini, na ce, "*I am going to Accra.*" Ya gyaɗa kai. Wallahi a wannan lokacin na ji kamar in yi guɗa. Ashe abin nan ma ana iyawa.

Sai ya nuna yaron da biro. "*Is he your son?*"

Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai, kowace kalma na san wurinta, na san amsar da ake so. Amma yaron yana tsaye a gefena yana kallon bakina. Kaina ya sunkuya da kansa, na ja mayafi, kamar yadda zan yi in wani baƙo ya yi mini wannan tambayar a kasuwar Tsafe. A can, sunkuyar da kan nan ita ce amsa, kowa zai gane ya yi dariya ya wuce.

Jami'in bai yi dariya ba. Ya sake tambaya. Da ya ga shiru sai ya kira wani saurayi mai riga mai gajeren hannu, tafintansu, haifaffen zangon Hausawan can. Hausarsa wata iri, mace ma "kai" yake ce mata.

"Yaron nan, yaronka ne?"

"Na Inna ne," na ce.

"Wane ne Inna?"

"Tana Gusau."

"Mene ne sunan shi?"

"Ɗan Inna."

Ya juya ya faɗa wa jami'in. Na ga biron ya daina motsi. Suka ja yaron gefe kaɗan, tafintan ya durƙusa a gabansa, ina jin su.

"Wannan mamanka ne?"

"A'a. Addata ce."

"Ina mamanka?"

"Innata tana Gusau."

"Kai ka ce kana son zuwa nan?"

Yaron ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa. "Ina kuka anka sa ni mota."

Ya tambaye shi sunansa, ya faɗa, kuma ba shi ne wanda na faɗa ba.

Kafin in ankara wata jami'a ta kama hannunsa ta shige da shi wata ƙofa, ni kuma aka nuna mini wata. Ɗaki ne mai benci ɗaya da fanka da ba ta juyawa. A bango an manna hotunan yara ƙanana a cikin kwalekwale, suna jan koma, ƙasusuwansu a waje. Na zauna ina kallonsu, ban gane abin da ya haɗa ni da su ba, sai da tafintan ya shigo.

Bai ɓoye mini ba. Ya ce ana kawo yara daga nesa a sayar wa masunta, kuma kusan kullum mace ce ke kawo su, ta ce ita yaya ce ko gwaggo. Ya ce yaro ba takarda, ni na ce ba nawa ba ne, shi ya ce ba uwarsa ba ce, ko sunansa ban sani ba. An kira mota za ta zo kafin la'asar ta kai shi gidan da ake ajiye irin waɗannan yara a wani gari. Ni kuma 'yan sanda za a miƙa wa.

Na ji fitsari ya kama ni. Na sauka daga bencin na durƙusa a gaban tafintan, saurayin da bai kai ƙanena ba.

"Don Allah Malam, ni na haihe shi. Wallahi ni na haihe shi. Kunya ce ta wajenmu, ba a hwaɗi."

"Ɗazu ka ce na Inna ne."

"Inna kakarshi ce."

"Kowa haka yake canja magana in ya ji mota na zuwa." Ya ɗaga kafaɗa. "Wace irin uwa ce za ta ji kunyar yaronta?"

Ban ga laifinsa ba yanzu, a inda ya tashi ba a yi. Amma a ranar da ina da ƙarfi da na shaƙe shi.

Sai na tuna lambar mai shagon da ke ƙofar gidanmu a Gusau. Ita na haddace, don a wayarsa maigidana ya riƙa kiranmu kafin in sami tawa. Na roƙa, na yi magiya, har jami'in ya yarda a kira. Aka buɗe muryar wayar kowa na ji. Mai shago ya ruga ya kai wa Inna. Inna kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya.

"Mama, akwai yaro a nan wajenmu," in ji tafinta, ya faɗi sunan. "Yaronka ne?"

"Ɗana!" Muryar Inna ta fashe. "Ɗana ne, ɗana ne! Ina shike? Mi ya same shi? Tun da anka tahi da shi ban runtsa ba. Ku ba ni shi in ji muryarshi!"

Na yi ihu daga inda nake, "Inna, ki ce musu ni ce!" Amma kuka take yi ba ta ji, kuma jami'in ya riga ya katse wayar. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa ɓarawon da aka kama da akuya a kafaɗa. Inna gaskiya ta faɗa, yaron gaskiya ya faɗa, ni ma ban yi ƙarya ba, ga shi mun taru mun haƙa mini rami.

Suka fita suka bar ƙofar a buɗe kaɗan. Ina zaune a ƙasa ina jin maganarsu a baranda. Yawancinta ba na ganewa, sai na kama abu ɗaya da na iya, na shiga sauraron inda 'yar kalmar nan take faɗawa. Ɗazu tsalle take yi tana zuwa gaba, ana tambayata. Yanzu kuwa duk maganar da ta fito, tana zaune a tsakiya daram. "*She is not the mother.*" "*The boy is going.*" Ba mai tambaya kuma. Maganar Malama Asabe ta dawo mini, an gama yankewa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan zaman ba, ko ranar da aka shigo rugarmu, don a ranar ina da inda zan gudu kuma yaron yana bayan Inna.

Na yi ta tunanin abin da zan ce wa ubansa. Na yi tunanin yaron a wani gida cikin masu wani yare, ana tambayarsa garinsu yana cewa bayan Kucheri, rugar da ko bukka ɗaya ba ta rage a cikinta ba.

Ƙarar mota ce ta tashe ni. Na leƙa ta ƙofa. Farar mota ta tsaya a tsakar wurin, jami'ar nan ta fito da shi tana riƙe da hannunsa, ledar kayansa a ɗaya hannun. Wata babbar mace mai furfura a gefen kai, da alama ita ce shugabarsu, tana tsaye tana sa hannu a wani abu. Tafinta ba ya nan. Yaron ba ya kuka. Yana tafiya yana waige-waige, yana neman ƙofar da aka shigar da ni.

Ban san lokacin da na fito baranda ba. Wani ya tare ni da hannu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da ban taɓa bari ya fito ba tun ranar suna.

"Sa'idu!"

Yaron ya tsaya cak, kamar an ja shi da igiya.

Kowa ya juyo. Babbar macen ta ɗago kai. Hausa ba ta da amfani a wurin, ba mai ji. Na ce a raina, mai aiki a gaba, kalmar a tsakiya, kai kafin abinka. Na jera su ɗaya bayan ɗaya.

"*He is my son. I am his mother.*"

Na sake faɗa da ƙarfi, na bugi ƙirjina. Na ƙara da duk abin da na iya haɗawa, daidai ko ba daidai ba. Na ce saniya ta harbe shi, na nuna bayan gwiwar hagu. Na ce yana tsoron kare. Na ce ba ya shan nono in ya yi tsami. Na nuna bayan kunnena, inda yake da ɗan baƙin tabo tun haihuwa. Duk shekarun nan da ake ganin ba na kallonsa, babu abin da ya wuce ni. Ranar da saniyar ta harbe shi Inna ce ta ɗauke shi, ni ina bayan bukka ina cizon mayafi.

Babbar macen ta ɗaga wa direban hannu. Ta tako da kanta, ta durƙusa, ta ɗaga ƙafar wandonsa, ta duba bayan kunnensa. Ta daɗe tana kallon fuskarsa tana kallon tawa. Sannan ta sa aka nemo tafinta. Ta yi masa magana a taƙaice, kuma na ji kalmar ta yi tsalle ta dawo gaba. An koma tambaya. Numfashina ya ɗan sauka.

Tafintan ya ce da yaron, "Madam ya ce kar in tambaye ka mamanka. Wai wane ne ya haife ka? Cikin wa ka fito?"

Yaron ya kalle ni. Ni ma na kalle shi, ido cikin ido, a gaban mutane. Ya sunkuyar da kai, ya miƙa ɗan yatsa wajena.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Amma Inna ta ce ba a hwaɗi."

Ashe ya sani. Ashe shi ma kunyar yake riƙe mini, da 'yan shekarunsa, har ana shirin sa shi a mota.

Aka sake kiran Gusau. Wannan karon tafintan ya yi tambayar yadda aka umarce shi, da ƙarfi. Inna ta ce, "Wace irin tambaya ce wagga? Hurera mana! Ni da tsufana ina ni ina haihuwa? Ni dai ɗana ne." Tafintan ya fassara yana sosa ƙeya. Wani daga cikin jami'an ya yi dariya, babbar macen ba ta yi ba. Ta yi mini doguwar magana tana nuna yaron tana nuna bakina. Ban gane rabinta ba, amma na san faɗa ne, irin wanda uwa ke yi wa 'yarta, na kuma karɓa.

Ba nan take aka sake mu ba. Sai da suka bi ta wajen shugabannin karan da na ambata aka nemo maigidana, ya yi magana da su, ya yi magana da yaron. Kafin nan jami'ar da ta riƙe hannunsa ta kawo mana shinkafa da wake a leda. Tafintan ma ya dawo ya tsaya daga nesa, ya ce, "Ka yi haƙuri, ban san ana yin haka ba." Na ce ba komai, ko da yake a lokacin da saura a raina.

Da rana ta yi sanyi aka sa mu a motar Akra. Muka sami kujerar baya. Teku tana hagu, ban ko kalle ta ba, tsoronta ya fita daga kaina. Kunya ce ta dawo mini sabuwa fil, na rasa inda zan sa idona. Na kira sunan surukina a tsakar ƙasar mutane, da ƙarfi, har da bugun ƙirji. Na juya wajen taga kamar yadda na yi tun daga Gusau.

Mun yi nisa sai na ji an taɓa ni. Ba gefen zanena ya kama ba, hannuna ne.

"Adda."

"Na'am."

"Ashe kin san sunana?"

Na gyaɗa kai, ban juyo ba.

"Abin nan da kinka ce da Turanci, mi ke nan?"

"Kai dai ka yi barci."

"Ki sake hwaɗi."

Na duba gaba, na duba gefe. Ba mai jin Hausa a motar, ba wanda ya san Kucheri, ba wanda zai kai wa Inna labari. Na nemi maganar da harshenmu, kalma biyu ce kacal, ta zo har bakina ta tsaya. Har yau da nake rubuta wannan, ya fi ni tsawo, ban iya faɗa masa ita da Hausa ba.

Sai na sunkuya daidai kunnensa mai tabon, na jera masa su a hankali, kowace a wurinta.

Ya ɗora kansa a cinyata, ya riƙe hannun nawa da nasa biyu, bai sake shi ba har muka shiga Akra.